Sai na sayi inji kafin in haɗa kafucino a gida?

"Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Katsina ce, wajen Ƙofar Ƙaura. Da muka je Umara bara na saba da shan kafucino da latte a Madina, har na dawo da ƙaton ƙunshin niƙaƙƙiyar gahawa. Amma duk sanda na haɗa a gida sai ta fito da ɗaci kamar magani, madarar kuma ba ta kumfa ko kaɗan. Yadda nake yi shi ne in zuba garin a tukunya da ruwa in bar shi ya tafasa sosai, in tace, in tafasa madara daban in haɗa. Maigida ya ce zai saya mini injin gahawa in shi ne matsalar. Shin injin ne, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba? Allah Ya saka da alheri."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana.

In na fahimce ki da kyau, abu biyu ne suka dame ki, ɗacin gahawar da madarar da ta ƙi kumfa, sai kuma shawarar da ke gaban Alhaji, ko ya fitar da kuɗin inji ko ya bari. Ki ce masa ya dakata tukuna. Na yi shekaru ina tsaye a bayan injin espireso a wani gidan shan gahawa a Abuja kafin in dawo Katsina, amma yau wadda nake sha kowace safiya da 'yar buta da kwalba nake haɗa ta a kan gas, ko da wuta ko babu. Yadda kika bayyana aikinki, ko an kawo miki injin da ya fi kowane tsada, muddin wannan garin na bara za ki zuba masa, ba za ki ji abin da kika ji a Madina ba. Gyaran yana wajen gahawar kanta, da zafin ruwa, da awo.

Abin da kika sha a can

Kafucino da latte tushensu ɗaya, espireso da madara. Espireso gahawa ce mai kauri wadda inji ke matsowa. Ana niƙa wajen giram 18 ya yi laushi sosai, a danne shi a ɗan kwandon ƙarfe, injin ya tura ruwan zafi ta cikinsa da matsi na bar 9, wato kusan ninki tara na nauyin iskar da ke kanmu. Cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 sai a samu wajen giram 36 na ruwan gahawa da 'yar kumfa ruwan ƙasa a samansa. In aka ɗora masa madara kaɗan da kumfa mai yawa a ƙaramin kofi na mililita 150 zuwa 180, kafucino ke nan. In madarar ta yi yawa kumfar ta zama siririya, an samu latte.

Amma daɗin da ya zauna miki a baki daga 'ya'yan gahawar ya fito. Masu sana'ar suna da abin da suke kira gahawa ta musamman, sunan da wata 'yar kasuwar gahawa a Amurka, Erna Knutsen, ta fara amfani da shi a 1974. A ma'aunin da aka daɗe ana bi, ƙwararrun masu ɗanɗano suna ba gahawa maki cikin 100, wadda ta kai 80 ko fiye ita ce ta musamman. Kusan dukkanta irin Arabika ce, wadda asalinta Habasha, ta bi ta Yaman ta yaɗu a duniya, kuma tudu da sanyi take so. Ɗayan irin, Robusta, ya fi juriya da arha, ya fi ɗaci, kafeyin ɗinsa, wato sinadarin da ke hana barci, ya kusa ninka na Arabika, shi ne kuma akasarin abin da ke cikin gahawar gwangwani da ta 'yar leda da mai shayi ke zuba mana. Ba na raina ta, tana korar barci, amma wata aba ce daban. Mu ma a Najeriya ana noman Arabika a tsaunin Mambila na jihar Taraba, wajen Gembu, da wasu sassan Filato, akwai kuma masu soya ta a gida suna turawa ko'ina ta mota. Na sha mai kyau daga can, kuma ina so mutanenmu su riƙa neman ta kafin su nemi ta waje, ko don ta fi saurin isowa hannu tana sabuwa.

Daga ina ɗacin yake

Babban mai laifi shi ne tafasawar. Mun saba da shayin da ake bari a wuta da citta da kanumfari har ya yi baƙi, sai hannu ya bi wannan hanyar. Gahawa ba ta ɗaukar haka. Abubuwan da ke cikin garin ba lokaci ɗaya suke narkewa ba. Masu ƙamshi da ɗan tsami su ke fara fita, masu zaƙi su biyo baya, masu ɗaci da bauri su ne na ƙarshe, aikin mai haɗawa kuwa shi ne ya tsaya kafin na ƙarshen su yi yawa. In garin ya yi minti goma yana tafarfasa a tukunya, ƙamshin ya bi tururi ya cika kicin, ɗacin ya zauna a kofi. Zafin da ake so tsakanin digiri 90 da 96 ne. A nan Katsina ruwa yana tafasa a wajen 98, saboda haka ba sai kin nemi ma'aunin zafi ba, ki sauke butar, ki jira rabin minti zuwa minti ɗaya, sannan ki zuba. Da hunturu ki fara ɗauraye kwalbar da kofin da ruwan zafi, don sanyin safiya yana kwashe zafin nan take.

Sai tsufan garin. Soyayyun 'ya'yan gahawa suna da mai da ƙamshi a kulle a cikinsu. Da zarar an niƙa, iska ta samu shiga ko'ina, cikin kwanaki kaɗan mafi yawan ƙamshin ya tafi, man da ya rage kuma ya fara canza wari, balle a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Ki gwada da kanki: ki zuba ruwan zafi kaɗan a kan cokali biyu na garin. Sabuwar gahawa za ta kumbura ta yi ƙananan kumfa suna fashewa, don iskar da suya ta bari a ciki ce ke fita. Tsohuwa jiƙewa kawai za ta yi ta kwanta. Nan gaba ki sayi 'ya'yan da ba a niƙa ba, giram 250 kawai, ki duba ranar da aka soya a jikin ledar, ba ranar da aka ce za ta lalace ba, ki shanye cikin wata ɗaya zuwa sati shida. Ki ajiye a mazubi mai murfi da ke rufewa ruf, a inuwa, nesa da daddawa da yaji da turaren wuta, don gahawa tana jan warin duk abin da ke kusa da ita. Kada ki sa a firij. Firijin da ke yin sanyi ya huce ya sake yin sanyi yana sa mazubin gumi, danshi kuwa kashe ta yake yi.

In wani ya kawo miki ɗanyun 'ya'yan, koraye, za ki iya soyawa da kanki, kuma duk wadda ta iya suyar gyaɗa ta yi rabin tafiya. Kasko mai kauri, wuta matsakaiciya, juyawa ba tsayawa, a tsakar gida saboda hayaƙi. Wajen minti 8 zuwa 12 za ki ji sun fara fashewa tas-tas. Ki ƙara minti ɗaya ko biyu ki sauke, ki baza a faranti, ki fifita ki hure ɓawon. Kada ki bari su yi baƙi har mai ya fito yana ƙyalli. Ki bar su su kwana uku ko huɗu kafin ki niƙa.

Awo kuma ba a yin sa da ka. Abin da aka saba shi ne giram 60 na gahawa ga lita ɗaya ta ruwa. Ledar fiya wata rabin lita ce, ke nan giram 30 take ci, wajen babban cokali shida. Ɗan sikelin kicin mai batir ba shi da tsada, kuma shi ne zai sa kofin yau ya yi daidai da na gobe. Ruwan ma da nasa. In gindin butarki yana tara fari-fari mai tauri, ruwan burtsatsenku yana da ma'adinai da yawa, irinsa yana dakushe ɗanɗano. Na famfo in yana warin magani a tace shi, na randa kuma ƙamshin ƙasarsa yana rufe na gahawa. Ki haɗa kofi biyu, ɗaya da ruwan gida ɗaya da na gora, bakinki zai yanke hukunci.

Inda ya kamata kuɗin ya je

A fara da abin niƙa. Injin niƙa na hannu nake nufi, mai haƙoran ƙarfe ko na tangaran, wanda ake murzawa ana kuma iya daidaita laushin garin. Bilenda da injin yaji mai wuƙa sara kawai suke yi, sai wani ya zama ƙura wani yana nan guntu-guntu, ƙurar ta ba da ɗaci, guntayen su ba da tsami, duka a kofi ɗaya. In babu sai turmi, a samu ƙarami sabo wanda bai taɓa ganin barkono ba, a daka a tankaɗe. Larabawa da Habashawa a turmi suka daɗe suna daka tasu.

Butar moka ita ce ta fi kusa da abin da kike nema. Wani ɗan Italiya, Alfonso Bialetti, ya fito da ita a 1933, har yau kuma da ita gidaje da yawa a can suke karyawa. Hawa uku gare ta: gindi na ruwa, mazurari na gari a tsakiya, sai sama inda gahawar ke taruwa. Ki nemi wadda aka rubuta mai kofi uku, ta ishi kafucino na mutum biyu. Ki zuba ruwan da ya riga ya yi zafi a gindin, ya tsaya ƙasa da ɗan maɓallin tagullar da ke gefe. Shi ne mafitar tururi in matsi ya yi yawa, kada ruwa ya rufe shi. Ki cika mazurarin da gari mai laushin gishirin leda, ki share saman da yatsa ya yi daidai, kada ki danne. Ki riƙe gindin da tsumma ki ɗaure saman tamau, ki ɗora a wuta 'yar ƙarama wadda harshenta bai fito gefen butar ba, murfin a buɗe. Bayan 'yan mintuna za ki ga gahawar ta fara tsattsafowa daga bututun tsakiya, baƙa, mai kauri, tana gangarowa a hankali ba ƙara. Ki tsaya a kanta. Da launin ya fara komawa ruwan zuma, kafin ta fara furzarwa, ki sauke ki tsoma gindin a ruwan sanyi ko ki ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tsumma. Wannan furzarwar ta ƙarshe ita ke kawo ɗacin ƙauri, kuma a nan mafi yawan masu moka ke ɓata aikinsu, don sun tafi wani abu sun bar ta.

Ta biyu ita ce kwalbar dannawa, wadda masu kanti ke kira firenc fires, kwalba mai sanda da rariyar ƙarfe a ƙasanta. Garinta tsaki-tsaki ake yi. Giram 30, ruwa rabin lita, minti huɗu, a motsa saman da cokali, a danna a hankali, a juye duka kada a bar ta tana jiƙa. Wannan ta shan baƙa ce ko da madara kaɗan. Ko da wacce kika haɗa, in ta yi ɗaci da bauri ki ƙara wa garin girma, in ta yi tsami kuma salam ki ƙara masa laushi. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a kowane karo, in ba haka ba ba za ki san wanda ya gyara ba.

Madarar

Tafasawar da ta ɓata gahawar ita ta ɓata madarar. Furotin ɗin da ke cikin madara shi ke riƙe iska ta zama kumfa, man cikinta kuma ya ba da gardi. Digiri 60 zuwa 65 ake so, a nan zaƙinta ke fitowa. In ta wuce 70 kumfar ta fara lalacewa, warin dafaffiyar madara ya shigo. Ki riƙa taɓa gefen tukunyar, da ya kai zafin da ba ki iya barin hannu fiye da daƙiƙa biyu ko uku, tururi ya fara tashi kaɗan, ki sauke.

Madarar gari tana kumfa ƙwarai, sai dai ki karanta jikin ledar, don wasu an cire musu man madara an sa na tsirrai, kuma a bakina ba sa ba da gardin da mai cikakken mai ke bayarwa. Giram 25 ga ruwa mililita 180, a dama ta narke sarai ba gudaji kafin a ɗora a wuta. Madarar ruwa ta gwangwani a surka ta da ruwa daidai yawanta. Madarar shanu da ake kawowa daga ruga kuwa dole a tafasa ta saboda cututtukan da ake ɗauka daga ɗanyar madara. A bar ta ta huce, sannan a sake ɗumamawa. Kumfarta ba za ta kai ta wadda ba a tafasa ba, amma a nan ba na sassautawa.

Kwalbar dannawar nan ita ce za ta yi miki kumfar, shi ya sa nake ba da shawarar a saye ta ko da mokar kaɗai za ki riƙa haɗawa da ita. Ki zuba madarar mai ɗumi ta kai kashi ɗaya cikin uku na kwalbar. Ki ja sandar sama har rariyar ta fito daga madarar ki mayar, sau huɗu ko biyar, iska ke nan kika shigar. Daga nan ki bar rariyar a cikin madarar kina ɗagawa kina dannawa da sauri, gajere-gajere, sau 15 zuwa 20, don manyan kumfar su farfashe su koma ƙanana. Za ki ga ta taso ta kusa ninkawa. Ki cire sandar, ki buga gindin kwalbar a hankali a kan tebur, ki jujjuya ta har saman ya yi sumul yana sheƙi, ki zuba nan take a kan rabin abin da mokar ta fitar. In kika bari ta zauna minti ɗaya za ta rabu, madara a ƙasa busasshiyar kumfa a sama. In babu kwalbar, sabon maburgi da bai shiga miya ba yana yi, ko da yake kumfarsa ta fi girma. Ki ɗanɗana kafin ki sa sukari, sau da yawa za ki ga rabin wanda kika saba ya isa.

In zafi ya zo

Daga Maris zuwa Mayu ba kowa ke marmarin abu mai zafi ba. Ki cika kofin gilashi da ƙanƙara, ki zuba madara mai sanyi, ki bi da gahawar moka a kai. Wanda na fi so shi ne in sa madarar aya da aka markaɗa da dabino a madadin ta shanu, gardin ayar yana tafiya da gahawa ƙwarai. Sai dai a sanyi kawai, in aka ɗora ta a wuta kauri take yi saboda sitacin da ke cikinta. Akwai kuma jiƙon sanyi, giram 60 na gari tsaki-tsaki a rabin lita na ruwan sanyi, awa 12 zuwa 16, a tace da ƙyalle mai tsabta, a surka da ruwa ko madara daidai yawansa. Ɗacinsa kaɗan ne. A yanayinmu a firij ko a kula mai ƙanƙara za a jiƙa, ba a ɗaki ba, a kuma shanye cikin kwana biyu.

Kayan ƙamshi ba baƙi ba ne ga gahawa. Mutanen Saudiyya hail suke sawa, wasu ƙananan 'ya'yan ƙamshi masu koren ɓawo, na Sudan citta, a Senegal kuma gahawar Tuba da kimba ake haɗa ta, wannan dai kimbar tamu ta kasuwa. Kaɗan ake sawa, a niƙa tare da 'ya'yan. Sauran garinki na bara, in bai canza wari ba, nan ya dace da shi. Sabuwar gahawar Habasha mai ƙamshin furanni kuwa ni ba na sa mata komai.

Iyakar abin da gida zai ba ki

Matsin moka bai wuce bar 1 zuwa 2 ba, saboda haka ba espireso na gaske take bayarwa ba. Ba za ki samu kumfar nan ruwan ƙasa mai kauri ba, zanen ganye da ake yi a saman latte ma zai yi wuya. Da madara a kai bambancin ba shi da yawa, amma mai shan ta zalla zai ji shi. In kin yi wata biyu da moka har yanzu ranki yana kan espireso, to a sayi injin, da sharaɗin akwai abin niƙan da ke iya yin laushin da yake so. Irin waɗannan injuna suna jan wat 1,000 zuwa 1,500 lokacin ɗumama ruwa, a duba ko janareta ko solar gidan za su ɗauka. A tambayi mai sayarwa wa zai gyara in ya tsaya, da inda ake samun robobinsa. Bar 15 ko 20 da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali iyakar ƙarfin famfon ne kawai, ba shaidar inganci ba. Injunan da ke aiki da ƙananan ƙoƙuna da aka riga aka cika da gari suna da sauƙi, amma kullum hannu yana aljihu, kuma duk ranar da ƙoƙunan suka yanke a kasuwa injin ya zauna.

Batun lafiya kuma na likita ne, abin da zan iya faɗa shi ne abin da hukumomin lafiya suka daɗe suna faɗa: babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a rana, wajen kofi huɗu ke nan, mai juna biyu kuma 200. In akwai hawan jini, ko olsa, ko bugun zuciya, a tambayi likita kafin a mai da ita ta kullum. Rabin kafeyin ɗin da kika sha yana nan a jiki bayan wajen awa biyar, don haka in kina da matsalar barci ki tsaya daga azahar. Da azumi ki sha ƙaramin kofi bayan kin ci abin buɗa baki, kada ki bari sai an sauko daga asham.